Birkin salansa: ƙarfen da ake ɗaurewa da waya a hanyar Kucheri

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san yadda hira ke mutuwa a cikin mota da zarar an wuce Yankara. Daga Wanzamai zuwa Kucheri, daga Kucheri zuwa Magazu har a shiga Tsafe, direba ba ya son abin da zai tsayar da shi, fasinja kuma ba ya son jin wata baƙuwar ƙara daga ƙarƙashin mota. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, shekaru ke nan 'yan bindiga na tare wannan hanya. A irin wannan wuri, da la'asar sakaliya, na taɓa tsayawa kan wata motar ɗaukar kaya mai shan gas, maƙare da buhunan masara, an ɗaga kanta a bakin titi cikin garin Kucheri.

Direban ya ce tun daga baya ta fara nauyi. Ya taka totur har ƙasa, sai baƙin hayaƙi kawai take tuɗaɗawa, ga allurar zafi tana hawa. Ya rantse nozul ne, duk da cewa bai fi mako biyu da canza su ba. Bakaniken da aka kira, wani dattijo mai furfura a gemu, bai ko kalli nozul ɗin ba. Ya jira salansa ta ɗan huce, ya leƙa bayan inji, ya kama wani ɗan hannun ƙarfe da filaya ya jijjiga, ya ƙi motsi. Ya ɗiga masa mai, ya ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar guduma sau uku ko huɗu, sai muka ji ƙas, hannun ya koma mazauninsa. Da aka tayar da inji, hayaƙin ya washe kamar ba ita ba. Dattijon ya sa yaronsa ya miƙo waya, ya ɗaure hannun tamau.

"Wagga waya ta kai ka Gusau," in ji shi. "Amma gobe ka sa a kwance ta, a wanke abin."

Direba ya yi dariya yana ƙirga kuɗi. "Haba Baba, tunda tana tafiya, mi za a kwance kuma?"

Ban ga laifin dattijon ba. Rana na shirin faɗuwa, mota na Kucheri, waya ita ce maganin wannan sa'a. Maganar direban ce ta tsaya mini a rai, domin na san da wuya a kwance wayar nan har a sayar da motar. A leƙa ƙarƙashin irin waɗannan motoci a tasha, za a ga da yawa an ɗaure musu wannan hannu, wasu ma an zare abin da ke ciki an jefar.

Abin da aka ɗaure ɗin shi ne birkin salansa, wanda direbobi kan kira egzos a taƙaice. Ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne. Wani faifan ƙarfe ne a cikin bututun hayaƙi, kusa da inji, wanda ke juyawa a kan sanda. In ya kwanta, hayaƙi ya wuce abinsa. In ya tashi ya tare bututun, hayaƙi ya rasa mafita, sai fistin ya riƙa tura iskar da ta ƙi fita. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin: a toshe bakin zugazugi da yatsa, a ce wa yaro ya zuga, nan da nan hannunsa zai yi nauyi. Wannan nauyi ne ke bi ta giya ya isa tayoyin baya ya rage wa mota gudu, ba tare da an taɓa lainin ko durom ba.

Me ya sa injin gas ke bukatarsa alhali na fetur bai damu ba? Injin fetur yana da marfi a hanyar shigar iska. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur marfin ya rufe, inji ya riƙa zuƙa da ƙyar, wannan wahalar zuƙar ita ke riƙe mota a gangara. Injin gas na asali ba shi da wannan marfi, iska na shiga yadda ta so. Gaskiya ne yana matse iska fiye da na fetur, amma iskar da aka matse kamar sifirin ce, ƙarfin da fistin ya kashe wajen danne ta, shi take mayar masa in yana saukowa. Shi ya sa motar gas mai lodi, in ta samu gangara, sai ta tafi kamar an kwance akuya daga turke.

Wani Ba'amurke mai suna Clessie Cummins, wanda ake kiran injin Cummins da sunansa, ya ɗanɗana wannan a 1931. Yana tuƙa babbar mota mai injin gas daga gabashin Amurka zuwa yammaci, birki ya ɗau zafi ya ƙi kamawa a gangaren Kahon da ke Kalifoniya, saura ƙiris ya afka wa jirgin ƙasa da ke tsallaka hanya. Abin bai bar ransa ba sai da ya ƙirƙiro hanyar mayar da inji kansa birki, kamfanin Jacobs kuma ya fara ƙera ta a 1961. Sai dai kada a haɗa shi da birkin salansa. Na Jacobs yana cikin kan inji ne, yana buɗe bawul ya saki iskar da aka matse kafin ta rama, shi ne mai ƙarar ta-ta-ta da ake ji a wasu manyan tireloli. A garuruwa da dama na Amurka har alluna ake kafawa na hana amfani da shi saboda damun barci. Mu a nan ba barci ne abin ji ba, ƙarar ta yi kama da wani abin da ba a son ji tsakanin Kucheri da Magazu. Birkin salansa shi ba ya wannan tsawa, gurnani yake yi ƙasa-ƙasa, kuma ya fi sauƙin kuɗi da gyara nesa ba kusa ba.

A Amurka manyan a-kori-kura masu jan tirela ne suka shahara da shi, irin su Ram da Ford. A wajenmu ba haka abin yake ba. Hilux da muka fi sani, ko mai shan gas ce, galibi ba ta zuwa da shi. Inda za a same shi su ne Kanta, da Dyna, da Isuzu, da bas ɗin Kosta mai gas, sai manyan motoci irin su Daf da Man da Howo. A ƙananan, iskar zuƙa ce ke jan hannun, daga wani ɗan famfo da galibi ke manne a bayan altaneto. A manyan, iskar tanki ce ke tura shi. Tsofaffin direbobin Marsandi sun san maɓallin da ke ƙasa wanda ake dannawa da dunduniya. A Kanta kuwa sanda ce a jikin sitiyari, kuma akwai makunnai a totur da kuloci waɗanda ke sakin birkin da zarar an taka ɗayansu.

Hujjar da aka fi kawowa wajen ɗaure shi da waya ita ce hanyarmu ba ta da gangara. "Ai nan ba Hawan Kibo ba ne." Haka ne, babu mai kwatanta tudun Kwatarkwashi da gangaren Filato. Amma Funtuwa ta fi Gusau tudu da sama da mita 200, kuma ba gangara kaɗai ke cin birki ba. Ramuka na ci, shingayen jami'an tsaro na ci, tudun rage gudu a kowane gari na ci, ga shanu, ga 'yan acaɓa. Ƙari a kan haka, tsoro ya sa kowa gudu yake a wannan yanki, mai gudu da lodin da ya wuce ƙa'ida kuwa, duk takawa ɗaya zafi ne mai yawa yake zubawa a durom. Durom in ya yi zafi buɗewa yake, lainin ya yi santsi kamar gilashi, man birki ya tafasa. Irin man da aka fi sayarwa, mai lamba DOT 3, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo, amma in ya tsufa ya sha ruwa, ƙa'idar na sauka zuwa 140. Motoci nawa ne a tashoshinmu aka taɓa juye musu man birki ba don ya zube ba? Ranar da ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa, a ce birki ya tsinke, a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma wayar da aka ɗaure wata shida baya tana da hannu a ciki. Kuma mai Kanta da ke lodin hatsi a Tsafe yau, ba shi da tabbacin jibi ba Jos ko Lafiya za a tura shi ba.

Abin da ke maƙale birkin salansa, na farko kunkunniya ce. Faifan yana zaune ne a inda duk dattin inji ke bi, cikin zafin da kan haura digiri 500 in mota na jan kaya. Duk abin da ke ƙara baƙin hayaƙi yana ƙara masa kaya: nozul mai ɗiga, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe aka yi ta kakkaɓewa maimakon canzawa, jan lodi da babbar giya inji na nishi, da barin mota a silo awa da awanni ana jiran lodi ko ana jiran a buɗe hanya. In inji ya fara shan baƙin mai, ko turbo na yoyo, man ya haɗu da kunkunniyar su daskare kamar kwalta a inda sandar ke juyawa.

Na biyu tsatsa. Hayaƙi na ɗauke da tururi, in mota ta huce da dare tururin ya koma ruwa a cikin bututu. A nan ingancin gas ke shigowa. Shekaru da yawa dokar Najeriya ta yarda da gas mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10 tun 2009. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa gurɓataccen gas musamman don Afirka ta Yamma, daga baya aka sauko da ƙa'idar zuwa 50 a takarda. Matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024. Duk da haka, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a bakin hanya, Allah kaɗai ya san da me aka gauraya shi. Farar wuta in ta ƙone ta haɗu da wancan ruwa, sai ta zama ruwa mai cin ƙarfe. Daga waje kuma taɓon damina na yi wa sifirin da mahaɗar hannun nasa aikin.

Amma babban dalili, wanda ya fi waɗannan duka, shi ne rashin taɓa shi. Faifan da ke buɗewa da rufewa sau hamsin a rana yana kankare dattinsa da kansa. Wanda aka bari wata uku a wuri ɗaya, kamar ƙofar rumbun da ba a buɗewa ne. Sai ranar da sabon direba ko yaron mota ya taɓa sandar, ko da kuskure wajen neman waifa, faifan ya rufe da ƙyar, sifirin ya kasa dawo da shi. Daga nan sai a yanke hukunci cewa egzos ɓata mota yake, a kawo waya.

In ya maƙale a rufe, ko rabi da rabi, mota ce za ta yi ƙara da kanta: babu ƙarfi, baƙin hayaƙi, zafi, shan gas, wani lokaci da huci a mahaɗar salansa. Matsalar ita ce alamun nan sak irin na nozul ne da injekta, don haka a can ake fara kashe kuɗi. Duba hannun birkin salansa ba ya cin minti biyu, kuma kyauta ne, ya kamata ya riga kwance injekta. Kada kuma a yi ta tilasta mota a haka, zafin da ya taru yana iya ƙona gaskit ko bawul, ya taɓa turbo. In kuwa a buɗe ya maƙale, shiru za a ji. Mota na tafiya lafiya, sai dai lainin da ke ƙarewa da wuri, mai mota ya yi ta zargin direba ko mai sayar da kaya.

Gyaran a gida ake yin sa, da safe, inji a sanyaye. A cire makulli, a sa wa taya waigi, in motar mai ɗaga kai ce a tabbatar an kulle sandar da ke tokare kan, in mai iska ce a sauke iskar tanki, domin hannun nan in ya fizga yana iya datse yatsa. Abu na farko shi ne a raba hannun faifan da sandar da ke jan sa. Wannan ɗan aiki shi ke faɗin inda ciwon yake. In an raba aka ga faifan na juyawa sumul da hannu, to ba shi da laifi, a koma kan tiyo, ko robar cikin gwangwanin da ke ja, ko bawul ɗin lantarki, ko fiyus, ko makunnan totur da kuloci. Sau da yawa tsagewar tiyo ce da ba ta kai tsawon farce ba, ko makunnin kuloci da ya goce daga saitinsa, aikin rewaya na 'yan mintoci.

In faifan ne ya ƙi, sai haƙuri. A jiƙa bakin sandar ta kowane gefe da man feshi mai warware tsatsa, in babu a sa kananzir ko gas, a bar shi ya kwana in da hali. Da safe a kama hannun da sifana a riƙa kai shi ana dawowa kaɗan-kaɗan, ana ƙwanƙwasa jikin gidan a hankali, ana ƙara mai. Gidan ake bugu, shi ma da tausayi. Wanda ya sa babbar guduma a kan sandar zai lanƙwasa ta, sanda mai lanƙwasa kuwa ba ta sake juyawa daidai. In ya ƙi duk da haka, a kwance shi gaba ɗaya, noti huɗu ne galibi a kowane gefe, a jiƙa, a kankare, a bi da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito. A girgiza sandar a gani: in tana rawa a mazauninta, bushin ya cinye, hayaƙi zai riƙa tsiyaya ta nan, gara a nemi wani a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna. Mai saye ya juya faifan da hannunsa kafin ya biya, domin na Beljiyam ma yakan zo a maƙale. A mayar da sabon gaskit, a goge ragowar kananzir kafin a tayar da inji.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi ya fi na masu waya ban haushi. Bayan an sha wahala an warware shi, sai a cusa masa giris na taya a ce an yi masa gata. Giris na yau da kullum ba ya jure ko rabin zafin wannan wuri, ƙonewa yake ya zama gawayi, bayan 'yan makonni abin ya fi da maƙalewa. Akwai man shafawa na musamman mai jure wuta, mai ruwan jan ƙarfe ko na garafayit, shi ma ɗan kaɗan a mahaɗai. In babu shi, gara a bar sandar a bushe da tsabta. Wani kuma zai ga ɗan rami a jikin faifan, ko 'yar tazara tsakaninsa da bango, ya ce ai ga inda ƙarfi ke zurarewa, ya kai wa mai walda ya toshe, ko ya juya notin da ke tsayar da hannun. Da gangan aka bar ramin. Kowane inji yana da iyakar matsin da sifirin bawul ɗinsa ke iya riƙewa, in aka wuce, bawul ya buɗe ba lokacinsa ba, fistin na iya samun sa. A tsohon injin Cummins mai lita 5.9, sai an canza sifirin bawul zuwa masu ƙarfi kafin a ɗaga matsin daga awo 35 zuwa 60. Birkin da aka yi don ceton lainin, kada ya zama sanadin sauke inji.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan haɗari, kuma ba a cika faɗinsa ba. A motocin da ke aiki da iskar zuƙa, famfon da ke jan birkin salansa shi ne dai ke taimakon birkin ƙafa. Wanda ya zare tiyon egzos ya bar bakinsa a buɗe, ko ya toshe da tsinke da leda, yana iya wayar gari birkin ƙafarsa ya yi tauri kamar dutse. Ya kashe birki ɗaya, ya raunana na biyu.

Sababbin motoci sun canza salo amma ciwon bai canza ba. Tun 2007 a-kori-kurar Ram mai injin Cummins lita 6.7 ba ta da faifai daban, turbo ɗin ne kansa ke matse hanyar hayaƙi ya yi aikin birki. Shi ma kunkunniya na maƙale shi, kuma shawarar da makanikan can ke bayarwa ita ce a bar birkin a kunne kullum don ya riƙa motsawa. Masu Hilux mai gas ta zamani su ma abin ya shafe su ta wata fuska: turbo ɗinsu yana da 'yan fukafukai masu motsi a ciki, kuma motar da ba ta da aiki sai zagayen cikin Gusau da zaman silo da na'urar sanyi, tana iya tara musu datti har fitila ta kama, ƙarfi ya ragu. Wannan ba aikin guduma ba ne, na mai kwamfuta ne da wanda ya san turbo, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Amfani da birkin salansa ma sai da sani. Ƙarfinsa na tafiya ne da juyin inji, don haka a babbar giya inji na barci kusan ba ya komai, sai an sauko giya kafin a shiga gangara. Ba ya tsayar da mota cak, rage mata gudu yake, ƙafa ta ƙarasa. A yawancin tsofaffin motoci ba ya kunna jar fitilar baya, sai a ɗan taɓa birki saboda na baya. In ana ruwa, ko hanya na da santsi kuma bodi babu kaya, a kashe shi, domin tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, bayan mota na iya zamewa. Sannan ga ɗabi'ar sakin mota a firi a gangara, wadda tsadar gas ta ƙara yaɗawa tun da lita ta haura naira 1,000. A firi babu birkin salansa, babu riƙon inji, rai na rataye a lainin kaɗai. Ribar ma babu ita: injin da ke cikin giya, ƙafa a ɗage, tayoyi ne ke juya shi kuma injekta ta yanke mai, na firi kuwa gas yake sha don ya zauna a silo.

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra da na ZAROTA za su duba taya da fitila da takardu, amma ba na jin akwai wanda zai shiga ƙarƙashin mota neman waya. Abin yana hannun masu mota da shugabannin tasha da ƙungiyar makanikai. Alhaji mai mota, in an zo juyen baƙin mai na gaba, ka tsaya da kanka ka ce a nuna maka hannun egzos, a motsa shi a gabanka. In ka ga waya, ka sa a kwance ta a nan cikin gareji a Gusau ko Tsafe, da rana tsaka. Kai kuma direba, ka kunna shi tun daga fitowa tasha kowace safiya, ko da motar ba ta ɗauko komai ba.